Kilo 15 cikin sati 6: yadda ta kaya da wata yayata a Yamai

Wannan labarin wata yayata ne da ƙoƙarinta na rage ƙiba, ɗiyar kawuna ce, unguwarmu ɗaya a Bukoki. Ita ta ce in rubuta amma kar in sa sunanta, don ƴan unguwa sun iya bin diddigi. Ni dai ba likita ba ce, magani nake saidawa a wata farmasi, amma sikelin da ta riƙa hawa tun farko har ƙarshe namu ne, kuma duk lambobin da za ku gani daga ɗan littafin da muka riƙa rubutawa na kwaso su.

Yadda jikin ya taru, 2005 zuwa 2023

An yi mata aure a Tawa a 2005 tana da shekara 19, nauyinta lokacin kilo 61, tsawonta mita 1 da 62. Siririya ce har dangin miji suna mata ba'a wai iska za ta ɗauke ta. Kun san halinmu, mace in ta yi aure ba ta cika ba sai a ce miji bai riƙe ta da kyau, in ta yi haihuwa kuwa kwana arba'in ɗin nan ɗura ce kawai, kunun kanwa da safe, hura da nono da rana, gasasshen nama da dare, ba a barinta ta ɗaga ko tsintsiya. Haihuwa huɗu ta yi, kowace ta bar mata nata kason. Bayan ta biyu ma har ƙwayoyin ƙiba ta sha wajen wata uku, irin waɗanda masu tebur suke saidawa a ƙulle cikin leda, ta ce kowa sha yake lokacin. Da yawansu deksametazon ne, yana kumbura fuska ya tara ruwa a jiki ya ɗaga sukarin jini, amma wa ya sani a lokacin.

Da suka dawo Yamai ta kama sana'ar atamfa da shadda a Babbar Kasuwa. Daga ƙarfe tara na safe har la'asar tana zaune kan benci, taksi ya kai ta taksi ya maido ta, abinci kuma duk mai tallan da ya gifta. Ƙarshen 2023 nauyinta kilo 96, ƙugunta santimita 112. In aka yi lissafin IMC, wanda ƴan Najeriya suke ce wa BMI, wato a raba nauyi da tsawo sau tsawo, nata ya kama 36.6, ita kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya daga 30 take kiran abin ƙiba. Gwiwa tana ciwo, sallah sai a zaune wani lokacin, in ta hau benen kasuwa sai ta tsaya tsakiya tana haki kamar wadda ta yi dambe.

Burin farko, tsakiyar Janairu 2024

Ciwon gwiwar bai taɓa sa ta ce za ta rage jiki ba. Hoto ne ya sa. An je wani suna aka ɗauke su, aka tura a gurup ɗin dangi na WhatsApp, wata ƙanwar mijinta ta rubuta a ƙasa wai masha Allah Hajiya ta cinye kujera biyu, aka bi da dariya. Daren nan ta kira ni tana huci. Ga shi kuma an sa bikin autarsu a Tawa ƙarshen Fabrairu kafin azumi, saura sati 6.

Washegari ta zo farmasi ta hau sikeli, 96 cif. Ta ce, "Kafin bikin nan sai na koma 81." Na ce, "Yaya ina kika samo 81?" Ta ce nauyinta kenan lokacin da ta yi goyon na uku, akwai wani hoto da take so. Shi kenan fa asalin lambar. Don ta ɗaure kanta ma sai ta kai ankon bikin wurin tela ta ce ya rage santimita 12 daga awonta na ƙugu, telan ya ce, "Hajiya ki bari in bar kalmasa a ciki ko da Allah ya sa," ta ce kar ya bar komai. Allah ya sa bai ji maganarta ba.

Shayin rage ƙiba da horon yunwa, Janairu zuwa farkon Fabrairu

Ta sayi shayin rage ƙiba wurin wata mai talla a WhatsApp, jikka 15 (sefa dubu 15) kwali ɗaya, an rubuta a jiki wai kilo 10 cikin kwana 21. Tsarin da aka ba ta: da safe ruwan ɗumi da lemun tsami, da rana kokwamba da shayin, da dare ɗan farfesu ko ƙwai biyu sai shayin kuma. Ba tuwo, ba shinkafa, ba hura, ba burodi.

Sati na farko sikeli ya nuna 92.5. Wlh ranar kamar ta yi rawa a farmasi, kilo uku da rabi cikin kwana bakwai, har ta ce in lissafa mata in aka ci gaba haka ai za ta wuce 81 ma. Sati na biyu 91.5. Sati na uku 91. Nan hankalinta ya fara tashi, ta ƙara shayin daga kofi biyu zuwa huɗu. Ban ɗaki kuwa ba a magana, sau biyar sau shida a yini, cikinta yana murɗawa, ita kuma tana cewa ai kitsen ne yake fita. Da na karɓi kwalin na duba abin da aka haɗa, senna ne a sama, ganyen da muke ce wa filasko, wanda kakanninmu suke jiƙawa in ciki ya ɗaure.

Da ta ga sikeli ya ƙi motsi sai wata ƙawarta ta kasuwa ta ba ta ƙwayar Lasilix, ta ce ita da shi take shiga kayan biki. Maganin fitsari ne da ake ba masu ciwon zuciya da masu kumburi, ba a bada shi sai da takardar likita, shi ya sa ma ba ta zo wurina ba don ta san ba zan ba ta ba. Kwana huɗu tana sha, sikeli ya sauka 89.5. Ta fara kukan jijiyar ƙafa tana ɗaure mata cikin dare, zuciyarta na bugawa ba daidai ba, in ta miƙe tsaye sai ta ga duhu, bakinta kullum a bushe. Yaran gidan ma sun ji a jikinsu, abu kaɗan sai faɗa.

Ranar wata Talata a satin farko na Fabrairu ta miƙe za ta sauko wa wata mai saye turmin atamfa daga sama, sai kawai ta zube. Goshinta ya bugi bakin tebur. Maƙwabtan shago suka yayyafa mata ruwa suka sa ta a taksi zuwa wata kilinik, ni kuma aka kira ni. Na tarar da ita kwance an sa mata ƙarin ruwa, ɗankwali ya zame, leɓe ya tsage, idanu sun faɗa. Gwajin jini ya nuna potasiyom ɗinta ya yi ƙasa, shi ne gishirin da tsoka da zuciya suke aiki da shi, gudawar filasko da fitsarin Lasilix sun taru sun kwashe shi. Kwana biyu ta yi, kuɗin da aka kashe ya haura jikka 40.

Kwana huɗu da sallamarta ta hau sikeli, 92. Ranar da za su tafi Tawa, 93. Tela ya kwance kalmasar da ya ɓoye aka sa anko aka yi biki, da tabo a goshi.

Azumi, Maris zuwa Afrilu 2024

Da ta dawo sai ta ce to ai ga azumi nan, shi zai ƙarasa aikin, wata guda ba ci ba sha ai dole jiki ya faɗa. Ba ta tsara komai ba. Azumin kuma ya faɗo cikin zafi, kun san Yamai a ƙarshen Maris, ana kiran magariba abin da mutum yake nema kawai sanyi ne. Kofi biyu na bisap mai ƙanƙara, kofi ɗaya na lemun citta, kunu da sukari, ƙosai, fanke, soyayyen dankali da ƙwai, bayan asham tuwo ko shinkafa, tsakar dare hura, da asuba kuma abin da ya yi saura. Da rana ba ta zuwa kasuwa sai azahar, sauran lokacin kwance gaban fanka in akwai wuta.

Bayan ƙaramar sallah sikeli ya ce 97.5. Farkon Mayu 98. Wato ta fi yadda ta faro da kilo 2. Ta daina zuwa farmasi, in mun haɗu na ɗauko maganar sai ta ce, "Ke rabu da ni, ni haka Allah ya yi ni, ruwa ma in na sha ƙiba nake."

Zama da likita, Mayu 2024

Ciwon kai ne ya maida ta asibiti, na ƙeya, kwana uku bai sake ta ba. Na raka ta. Tansiyo, wato awon hawan jini, 15/9, aka ce ta dawo bayan sati aka sake aunawa, 15/9 ɗin dai. Sukarin jini da safe kafin ta ci komai giram 1.14 a lita, likitar ta ce bai kai ciwon suga ba, shi daga 1.26 yake farawa, amma tana bakin ƙofa. Mahaifiyarta kuwa da ciwon ta rasu, har sai da aka yanke mata yatsa biyu. Nan na ga jikinta ya yi sanyi.

Likitar mace ce, ba ta yi mata faɗa ba. Da ta ji labarin kilo 15 cikin sati 6 sai ta juya bayan takardar magani ta ce, "Hajiya zo mu yi lissafi irin naku na ƴan kasuwa." Ta rubuta: kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kalori wajen 7,700 (kalori shi ne ma'aunin ƙarfin da abinci yake ba jiki). Kilo 15 ya zama 115,500. A raba da kwana 42, kowace rana sai jiki ya ci bashin kalori 2,750. Mace mai nauyinta da shekarunta da irin zamanta kuwa, duk abin da jikinta yake ƙonawa a yini bai wuce 2,300 ba. Ta ce, "Kin ga ko da kin ɗinke bakinki kwana 42 ba ki sa ko ƙwayar gero ba, lissafin bai fita." Yayata ta yi shiru tana kallon takardar, can ta ce, "To kilo ukun da rabi da na zubar satin farko fa?" Likitar ta ce yawancinsa ruwa ne. Jiki yana da sukarin ajiya a hanta da tsoka, wajen rabin kilo, kuma kowane giram nasa yana riƙe da ruwa wajen giram 3, in mutum ya yanke hatsi ajiyar nan ake fara cinyewa ruwanta ya bi fitsari, ga kuma hanji da filasko ya share. Ana komawa cin tuwo duk su dawo wurinsu.

Sai ta sa mata sabon buri: kilo 5 cikin wata 3, wato kashi 5 cikin 100 na nauyinta, daga 98 zuwa 93. Ta ce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a sati shi ne abin da jiki yake iya saki ba tare da an ji masa ciwo ba, kuma ko rabin bai cika ba ba laifi. Yayata ta taɓe baki ta ce, "Kilo 5 wa zai ma gani?" Likitar ta ce, "Gwiwarki da tansiyonki za su gani." Ta ce ba za ta fara mata maganin hawan jini ba tukuna, amma duk wata a zo a auna, in bai sauka ba cikin wata ukun dole a fara.

Abin da aka canza, Mayu zuwa Agusta

Kafin a canza komai an ce ta yi kwana uku tana rubuta duk abin da ya shiga bakinta. Babbar ɗiyarta ce ta riƙa rubutawa, kuma yarinyar nan ba ta da rufin asiri, har gyaɗar da uwar take tsinta a kasuwa sai da ta sa. Da muka zauna muka duba, tuwon da take zargi ashe ba shi ne babban ɓarawon ba. Shayin safe sukari ƙwaya 4, giram 20 kenan. Bisap kwalba biyu na rabin lita a kasuwa, muka tambayi matar da take yinsa ta ce kilo ɗaya na sukari take zubawa a lita 10, kenan kowace kwalba giram 50. Hurar la'asar cokali uku. Jimla sukarin da take sha a ruwa kawai ya kai giram 150 a yini, kalori 600, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya kar babba ya wuce wajen giram 50, in da hali ma 25.

Na biyu mai. Gidansu mutum 8 ne, bidon na lita 5 kwana 12 yake yi. Yarinyar da take girki daga bakin bidon take tuttulawa har sai ya yi iyo saman miya, don in bai yi ba Inna, surukarta, za ta ce miyar marayu aka yi. Cokalin cin abinci ɗaya na mai kalori wajen 120 ne.

Abin da aka tsayar kaɗan ne. Bisap ya koma na gida ba sukari sai ɗan citta da na'ana'a, shayi ƙwaya ɗaya, hura cokali ɗaya kuma rabin kofin da ta saba. Mai da ludayi ake auna shi, burin shi ne bidon ya kai kwana 20. An raba mata faranti nata ita kaɗai maimakon tire da suke tarayya da Inna, don a tire ba ka sanin iya abin da ka ci, malmala ɗaya ta tuwo, miya da ganye da yawa. Abincin kasuwa daga gida take tafiya da shi, yawanci dambu da zogale ko wake, wata rana kifi da salati da albasa. Ba a hana ta komai ɗungurungum ba, Juma'a tana cin masa da miyarta kamar kowa.

Tafiya kuma minti 30, kwana biyar a sati, minti 150 kenan. A watan Mayu in rana ta fito ba mai iya taka ƙasa, don haka ana sallame asuba take fita. Satin farko da silifa ta yi, gwiwa ta kumbura, ta kwana biyu ba ta fita ba har ta ce ta fasa. Muka je kasuwar Katako muka samo mata takalmin gudu na gwanjo jikka 4, aka maida tafiyar minti 15 ana ƙara biyar duk sati. Daga baya maƙwabciyarta ta shigo, su biyu da hijabansu, ranar Lahadi mijin maƙwabciyar yana kai su wajen filin wasa na Seini Kunce inda mutane suke zagaye. Ta ce can ta ga manyan mata da suka fi ta jiki suna tafiya ba mai kallonsu, kunyar ta fita.

Sikeli sau ɗaya a sati, Juma'a da safe kafin ta karya, sikeli ɗaya. Wannan ni na dage a kai don a da sau uku take hawa a yini, in ta ga ƙarin rabin kilo da yamma sai ta hana kanta abincin dare. Tela kuma yana auna ƙugu farkon kowane wata.

Ƙarshen Mayu 96.8. Tsakiyar Yuni 96. Sai babbar sallah ta zo, raguna biyu aka banƙare a bakin wuta ƙofar gida, washegari aka yi rabo aka soye saura cikin kitsensa aka cika roba, sati biyu duk wanda ya wuce sai ya ɗauki tsoka. Sikeli ya koma 97. Ta zo tana cewa an koma gidan jiya, na buɗe littafin na nuna mata daga 98 aka taso. Ƙarshen Yuli 94.5. Sati na uku na Agusta 93. Sati 14 aka yi maimakon 13. Ƙugu 106, tansiyo 14/9, bidon yana kai kwana 17, bai taɓa kai 20 ɗin ba.

Inda aka tsaya cak, Agusta zuwa Satumba

Daminar 2024 kowa ya san yadda ta yi a Nijar, ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lungunsu ya zama tafki, tafiyar asuba ta tsaya. Autanta ya kwanta da zazzaɓin sauro, sati guda tana jinya ba barcin kirki. Sati biyar sikeli yana wasa tsakanin 92.5 da 93.

Ga kuma baki. Inna ta fara cewa, "Ɗiyar nan mi ka damunki, ko wani abu aka yi miki?" Har rubutu ta sa aka karɓo mata. A kasuwa wata ta ja ta gefe ta ce ta je ta yi gwaji, ramar nan ba ta lafiya ba ce. Kilo 5 fa kawai, waɗanda ta ce ba mai gani. Maigidan dai bai hana ba bai kuma taimaka ba, shi nasa shayin ƙwaya 5 ne har gobe. Cikin wannan halin mai shayin WhatsApp ta sake turo mata saƙo wai an kawo sabon samfuri mai ƙarfi, kuma ta faɗa min da bakinta saura kaɗan ta tura kuɗin.

Da aka koma wurin likita ta ce a sake rubutun kwana uku. Ashe malmalar ta girma ba a sani ba, ƴar girkin tana tausayinta tana ƙara mata, gyaɗa ta dawo, bisap ɗin kasuwa ma yana shigowa ranar da ta manta nata. Likitar ta ƙara da cewa jikin da ya ragu abin da yake ƙonawa ma raguwa yake, don haka abincin da ya sa ta sauka a 98 zai iya riƙe ta a 93. Aka samo ƙaramar kwalla guda aka ce ita ce ma'aunin tuwonta. Ranar da ruwa ya hana fita tana zagaya tsakar gida, yara suna ƙirga mata. Awon tela na farkon Oktoba ya nuna 104, ƙugu ya ragu santimita 2 a lokacin da sikeli yake tsaye.

Buri na biyu, Oktoba 2024 zuwa Mayu 2025

Aka sa 88 zuwa ƙarshen Disamba, kashi 10 cikin 100 kenan daga inda ta taso. Sanyi ya taimaka, tafiyar ta kai minti 45, wata rana ma daga kasuwa take sauka taksi tun kafin unguwa ta ƙarasa a ƙasa. Ƙarshen Disamba 89, ba a cika ba. Ƙarshen Janairu 88. Azumin Maris 2025 burin da aka sa shi ne kawai kar ta ƙaru: ruwa da dabino uku, sallah, kunu ba sukari sosai, suya kwana biyu a sati, abinci mai nauyi sau ɗaya. Ta fito da 87.

Farkon Mayu 2025, shekara guda cif: nauyi 86, ƙugu 99, IMC 32.8, tansiyo 13/8 ba tare da magani ba, sukarin safe 0.98. Tana sallah a tsaye, tana hawa benen kasuwa ba hutu. A lissafin likita har yanzu tana cikin masu ƙiba, kuma 81 ɗin nan ba ta gan shi ba.

Abin da na gani a ciki

Kilo 12 cikin sati 52, in ka raba bai kai giram 250 a sati ba. Da a Janairun 2024 wani ya ce mata ga abin da za ta samu da ta kore shi daga shagonta. Amma tsarin sati shidan da ta yi niyya ya ƙare ne, bayan azumi, da ƙarin kilo 2, tabo a goshi da asarar fiye da jikka 55.

A ganina ba rashin ƙoƙari ne ya kada ta da farko ba, sati uku tana kwana da yunwa ai ba raggo ke yi ba. Lambar ce ba ta da tushe, daga hoto aka ɗauko ta aka ɗaura mata ranar biki, kuma da yake kitse ba zai iya fita da wannan saurin ba sai ta koma matse ruwa, shi ne kaɗai abin da yake sauka da gaggawa. Satin farkon nan mai daɗi shi ya fi cutar da ita, don shi ya zama ma'auninta, duk satin da bai kai shi ba gani take ta gaza sai ta ƙara wuta. Masu saida shayin kuma sun san da wannan satin, shi suke saidawa. Ko da ta jure ma akwai sauran rina a kaba, horon yunwa yana cin tsoka tare da kitse, kuma ramewa da sauri tana jawo tsakuwa a matsarmama, musamman ga mata.

Kashi 5 zuwa 10 ɗin da likitar ta sa ba don ta lallashe ta ba ne. Akwai babban bincike da aka yi a Amurka kan mutum sama da 3,000 masu sukari a bakin ƙofa irin nata, sakamakon ya fito a 2002, waɗanda aka sa wa burin rage kashi 7 na nauyinsu da motsa jiki minti 150 a sati kamuwarsu da ciwon suga ta ragu da kashi 58 cikin 100 a kusan shekara uku. Abin da kuma na lura ya riƙe ta a watannin da sikeli ya yi gardama shi ne tana da wasu abubuwan ƙirgawa da suke hannunta, kwana nawa bidon ya yi, fita nawa aka yi a sati, tela ya ce nawa. Nauyi yana hawa da sauka da gishiri da al'ada da zafi, shi kuwa bidon in ya kai kwana 17 ya kai.

Abin da ban so ba shi ne sai da sukari ya tsorata ta sannan ta saurara, kuma ni da nake cikin magani na ga kwalin shayin nan tun sati na uku ban ƙwace shi ba, na dai yi magana sau ɗaya ta harare ni na ja bakina don yayata ce. Wannan yana damuna har yanzu.

Likitar ta ce wata shidan nan masu zuwa ba a neman ragi, a riƙe 86 ɗin tukuna. Ankon bikin Tawa ta maida wa tela a watan jiya, ya mayar da ɗinkin kan layin da ta sa shi ya yi da farko, santimita 100, ya zauna mata har da ɗan sarari. Ya caje ta jikka ɗaya, tana ta mita wai ya yi tsada.